Rongma: Garin Makiyayan Da Aka Sauko Da Su Daga Tudu

Can arewacin Tibet, a lardin Nagcu na ƙasar Sin, akwai wata gunduma ta makiyaya da ake kira Rongma. Bisanta ya kusa mita 5,000 daga gaɓar teku. Ba a noma a wurin, itace ba ya tsira, iskar shaƙa kuwa ba ta da yawa, har baƙo yakan yi haki ko yana zaune.

Abin da ya riƙe mutanen wannan wuri tun kaka da kakanni shi ne tumaki da awaki da yak, watau wani irin sa mai dogon gashi wanda sanyi ba ya damunsa. Nononsa suke sha, man shanunsa suke zubawa cikin shayi da gishiri, gashinsa suke saƙa tanti da shi, busasshen kashinsa kuma shi ne makamashinsu. Abincinsu garin sha'ir ne soyayye, wanda suke kira tsampa.

Cikin watan Yuni na 2018 gwamnati ta kwashe mutane fiye da dubu daga Rongma. Kwana biyu suka yi cikin motoci kafin su iso sababbin gidajen da aka gina musu kusa da birnin Lasa. Dabbobin kuwa can aka baro su a hannun ƙungiyar gama kai, da 'yan samari masu lura da su.

Hujjar hukuma ita ce, garin yana cikin gandun dajin Cangtang da aka keɓe a 1993 domin barewa da jakin dawa, ga shi kuma asibiti da makaranta sun yi wa jama'a nisa. Amma a 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto, ta ce a irin wannan ƙaura a Tibet jami'ai sukan yi ta matsa wa mutane lamba har sai sun yarda.

Yanzu dai yaro ya sami makaranta a ƙofar gida, tsoho ya sami likita. Sai dai wanda ya san ciyawar kowane kwari, ya kuma san alamun saukar ƙanƙara, ya wayi gari yana neman aikin lada a birni. Yaran da suka tashi a Lasa, wa zai koya musu kiwo, alhali garken yana nisan tafiyar kwana biyu?