Ribar ƙarfi: yadda ake lissafinta a sassauƙan na'urori da matsalar sunanta a Hausa

1. Gabatarwa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, malaman da ke koyarwa da Hausa suke fama da ƙarancin kalmomin kimiyya. A wannan ɗan rubutu za mu ɗauki abin da ake kira avantage mécanique da Faransanci, mu nuna yadda ake lissafinsa, sa'an nan mu duba ko sunan "ribar ƙarfi" ya dace da shi.

2. Ma'ana

Ribar ƙarfi ita ce sakamakon da ake samu idan aka raba nauyin kaya da ƙarfin da mutum ya sa don ɗaga su. Wanda ya ɗaga kilo 60 da ƙarfin da ke ɗaga kilo 20 ya samu riba 3. A ƙa'ida da niyuton ake auna ƙarfi (kilo ɗaya yana daidai da niyuton 9,8 a doron ƙasa), amma tun da rabawa ake yi, sakamakon ba ya canzawa.

3. Lissafi

3.1. Sandar ɗagawa. Arshimed na Sirakus ya bayyana dokarta a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa. Ana raba tazarar da ke tsakanin madogara da hannun mutum da tazarar da ke tsakanin madogara da kaya. A burweti, wadda ake kira baro a Najeriya, ƙafar ita ce madogara. Idan kaya suna santimetir 40 daga ƙafar, mariƙi kuma 120, to 120 ÷ 40 = 3.

3.2. Gangare. Ana raba tsawon gangaren da tsayinsa. Katako mai metir 4 da aka jingina ga mota mai tsayin metir 1 yana ba da riba 4: tano mai kilo 200 sai a gangara shi sama da ƙarfin kilo 50.

3.3. Faifai mai juyawa na bakin rijiya (poulie). Idan a kafe yake, ribarsa 1 ce. Bai rage komi ba, alkiblar ja kawai ya sauya, shi ya sa raƙumi ko sa ke iya jan wasaki yana tafe a ƙasa. Idan faifan yana tafiya tare da kayan, igiya biyu ke riƙe da su, riba ta zama 2.

Waɗannan alƙaluma ba su lissafa da gogayya ba. A aikace ribar kullum tana ƙasa da haka.

4. Misalin jigo

Mu ɗauka hannun guga metir 3 ne, na dunƙulen laka metir 1, cikakken guga kuma kilo 15. Sai da laka kilo 45 za su daidaita, domin 15 × 3 = 45 × 1. Mai lambu yana jan gugan da babu ruwa zuwa ƙasa da ƙarfin kusan kilo 15, cikakken kuma ya taso kusan da kansa. Ke nan aikin bai ragu ba. An mai da ɗagawa ta zama dannawa, wadda nauyin jiki ke taimaka wa.

5. Matsalar suna

A kasuwa, riba ƙari ce a kan uwar kuɗi. Ɗalibin da ya ji kalmar zai iya zaton na'ura tana haifar da abin da ba a zuba mata ba. Alhali abin da aka samu a ƙarfi ana biyansa a tazara: mai gangara tano ya yi tafiyar metir 4 don hawan metir 1, kuma 50 × 4 = 200 × 1. Ga shi kuma "ƙarfi" a bakin jama'a tana ɗauke da force da puissance da énergie gaba ɗaya.

Shawararmu ita ce a riƙe "ribar ƙarfi", saboda tana da sauƙin kamawa, amma a koyar da ita tare da "hasarar tazara" a darasi guda, a kuma keɓe "ƙarfi" ga force kaɗai a littattafan makaranta.