Dafin kunama da ciwon daji: ina bincike ya kwana?

A ƙauyukan Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela, cikin jahar Tawa, da zarar zafin bazara ya kankama, jama'a suka koma kwana a tsakar gida, sai harbin kunama ya yawaita. Ga babba, galibi abin yakan tsaya ga raɗaɗin yini guda, amma ga ƙaramin yaro yana iya kaiwa ga rasa rai. Sai ga shi wannan dafi ya shafe shekaru fiye da 30 a hannun masu neman maganin ciwon daji.

Dafin kunama gauraye ne na ƙananan sinadarai masu yawa, dangin furotin, waɗanda masana ke kira peftid. A shekarar 1993, masu bincike a Amurka suka ware ɗaya daga cikinsu daga dafin wata kunama mai ruwan ɗorawa ta ƙasashen hamada, Leiurus quinquestriatus, suka raɗa masa suna kulorotoksin. A 1998, a jami'ar Alabama, aka gano cewa yana manne wa ƙwayoyin wani mugun ciwon daji na ƙwaƙwalwa, ya ƙyale lafiyayyun ƙwayoyi.

Amfaninsa ke nan: kamar ɗan jagora yake, ya san gidan cuta. A 2006 aka bayyana sakamakon gwajin farko a kan majinyata 18, inda aka ɗora masa sinadarin aidin mai ƙona ƙwayoyin cutar. A 2007 kuma, Dakta Jim Olson na birnin Siyatil ya haɗa shi da wani rini mai ƙyalli, domin likita ya ga iyakar ƙari a lokacin tiyata. Sinadarin da ake waɗannan gwaje-gwaje da shi, harhaɗa shi ake yi a ɗakin bincike, ba daga wutsiyar kunama ake tatso shi ba.

Sai dai har yanzu babu wani maganin daji daga dafin kunama da ya kammala gwaji, manyan hukumomin magunguna suka amince da shi. Ruwan nan na ƙasar Kuba mai suna Vidatox, da ake tallarsa a intanet, babu gwajin kimiyya da ya tabbatar yana warkarwa. Harbin kunama ko shan jiƙonta ba su narkar da ƙari.

Babban haɗari ga majinyacin Adar da Ƙwanni shi ne jinkiri. Sau da yawa mace kan ji ƙullutu a nono, ta share watanni tana sauya magungunan gargajiya, ba za a kai ta likita ba sai ciwo ya fashe. Alhali akwai inda za a fara dubawa, kamar asibitin Galmi da na Ƙwanni da na Tawa. Tun 2021 kuma, cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, kilomita sama da 400 daga Ƙwanni, ta fara ƙona ƙari da na'ura, abin da a da sai an fita waje.

Mai yiwuwa wata rana kunama ta biya diyyar ɓarnar da ta daɗe tana yi. Kafin ranar, wanda ya ga ƙari mai girma, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko zubar jini ba dalili, ya gaggauta zuwa likita, tun ciwon yana da sauƙin magani.