Igiyar Caja: Yadda Ake Gane Mai Lahani Tun Ba Ta Yi Ɓarna Ba

Tun daga watan Agusta na shekarar 2001, lokacin da kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, wannan 'yar na'ura ta shiga harkokin jama'a har ta zama da wuya a yi wuni guda ba tare da ita ba. Da ita ɗan kasuwa yake ciniki, da ita ma'aikaci yake aika wa iyayensa kuɗi a ƙauye, da ita kuma ake neman likita da tsakar dare. Amma duk tsadar waya da ƙwarewarta, ranta yana rataye ne a jikin wata 'yar igiya wadda ba kasafai ake kula da ita ba, watau igiyar caja.

Sau da yawa mutum yakan jona wayarsa ya kwanta, gari ya waye ya tarar batir yana nan inda ya bar shi. Sai ya ɗora laifin a kan masu ba da wuta, ko kuwa ya tafi kasuwa ya biya kuɗin sabon batir, alhali cutar tana ga igiya. Asarar kuɗi ma da sauƙi, domin igiyar da haɗinta ya lalace tana iya ƙona kafar cajin waya, wani lokaci ma har ta tayar da gobara.

ABIN DA KE CIKIN IGIYAR

Idan aka feɗe igiyar caja ta yau da kullum, yawanci akan tarar da siraran wayoyi huɗu a ciki. Ja da baƙa su ne masu ɗaukar wuta, fara da koriya kuwa su ne masu ɗaukar saƙo tsakanin waya da kwamfuta. Kowace ɗaya silili ne na jan ƙarfe masu kama da gashi aka murɗe wuri guda, sa'an nan aka liƙa bakinsu da dalma a jikin 'yan haƙoran da ke kan igiyar.

Wannan tsari da ake kira USB ya fito ne a shekarar 1996. Babban kan nan mai faɗi da ake cusawa a kan caja haƙora huɗu gare shi. Ƙaramin kai na micro-USB, wanda ya fito a 2007, yana da biyar. Shi kuwa USB-C na shekarar 2014 an tsara shi da gurbin haƙora har 24 a cikin bakin da faɗinsa bai kai santimita guda ba. Ko wane haƙori mahaɗa ce, ko wace mahaɗa kuwa wuri ne da wuta za ta iya samun cikas.

Dalilin da ya sa cikas ɗin yake da haɗari masana sun daɗe da bayyana shi. A shekarar 1827 wani Bajamushe mai suna Georg Ohm ya nuna cewa gwargwadon turjiyar da wuta ta tarar a hanyarta, gwargwadon raguwar ƙarfinta. Bayansa kuma Baturen Ingila James Joule ya nuna cewa ƙarfin da ya ragu ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Alal misali, caja tana ba da bolt 5, waya kuma tana jan amfiya 2. Idan tsatsa ko tsinkewar silili ta haifar da turjiyar rabin om kacal, to bolt guda cur zai salwanta a hanya, waya ta sami 4 maimakon 5. Nan take sai ta rage jan wuta ko ta daina caji. Ƙarfin da ya salwanta kuwa, wat 2 ke nan, zai taru ya zama zafi a wurin da bai fi ƙwayar gero ba, a tsakiyar roba.

ME KE KAWO LAHANIN?

Babban abin da ke kashe igiya shi ne lanƙwasa. Mai danna waya tana jone, musamman a kwance, yakan karya wuyan igiyar a wuri guda kullum, sililin ciki su riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, roba kuwa tana nan lafiya lau a ido. Haka nan fizge igiya daga tsakiya maimakon a kama kanta, da naɗe ta tamau a jikin caja.

Yanayin ƙasa ma yana da nasa rabon. A Arewa ƙurar hunturu takan haɗu da zaren aljihu ta cushe kafar caji, har kan igiya ya kasa shiga ya zauna daram. A garuruwan bakin teku kamar Ikko da Fatakwal da Kalaba kuwa, laima da gumi ne suke cin haƙoran, su bar musu tsatsa kore ko baƙa.

Na uku shi ne jabun kaya. Domin a rage kuɗi, wasu masu ƙira sukan sa silili kaɗan ƙwarai a cikin roba mai kauri, ko su yi amfani da alminiyam ko baƙin ƙarfe da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyam bai wuce kashi 61 cikin 100 na jan ƙarfe wajen ɗaukar wuta ba, ga shi da saurin karyewa, baƙin ƙarfe kuwa ya fi shi muni nesa ba kusa ba.

HANYOYIN GWAJI A GIDA

Ba sai mutum ya zama injiniya ba kafin ya gane igiya mai lahani. Da farko ya zare ta daga wuta ya duba ta a haske tun daga kai har kai. Kumburi, ko tsagewa a wuya, ko wurin da roba ta yi laushi ko ta sake launi, ko haƙoran da suka yi baƙi, duk shaida ce.

Na biyu, ya jona waya ya ajiye ta a kan tebur, ya zuba wa alamar caji ido, sa'an nan ya riƙa motsa igiyar a hankali, gaɓa gaɓa. Inda duk ya taɓa alamar ta ɗauke ta dawo, to nan ne cutar take. Igiyar da sai an karkata ta ko an danne ta da littafi kafin ta yi aiki ta riga ta mutu, jana'iza kawai take jira.

Na uku, bayan kamar minti goma ana caji, ya taɓa kawunan igiyar biyu. Ɗan ɗumi a jikin kan caja ba laifi ba ne. Amma idan wuri guda a jikin igiya ya yi zafin da yatsa ba zai iya jurewa ba, ko aka ji ƙaurin roba, ko ƙarar tartsatsi, lalle ne a kashe soket nan da nan.

Na huɗu shi ne musaya, kuma ita ce take raba gardama. A bar waya da kan caja yadda suke, a sake igiya kaɗai. Idan caji ya daidaita, an kama mai laifi. Idan bai daidaita ba, a mayar da igiyar farko a sake kan caja. Abu guda ake sakewa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi gyaran ba. Idan kuwa kowace igiya aka sa sai ta yi sako-sako, to a kashe wayar a share kafar cajin a hankali da tsinken sakace na itace. Kada a kuskura a sa allura ko wani ƙarfe, kada kuma a jona waya alhali kafarta tana da danshi.

Mai son gane igiyar baƙin ƙarfe sai ya kara mayen ƙarfe a tsakiyarta, ba a kai ba, domin kan dama da ƙarfe akan yi shi. Jan ƙarfe na gaskiya ba ya amsa kiran mayen ƙarfe.

AIKIN MASU GYARA

A manyan kasuwannin waya irin su Computer Village da ke Ikeja da Farm Centre ta Kano, masu gyara suna da mita wadda takan yi ƙara idan wuta tana wucewa daga wannan kai zuwa wancan, ta yi shiru idan an sami tsinkewa. Akwai kuma wata 'yar mita da ake sawa tsakanin kan caja da igiya, ta nuna bolt da amfiya. Da ita akan gwada igiyoyi biyu a waya guda a ga wadda ta fi kai wuta. Sai dai a yi gwajin lokacin da batir ya yi ƙasa, gama waya da kanta takan rage jan wuta idan ta kusa cika. Masu sana'ar cajin waya a kasuwanni da tashoshin mota, waɗanda suke jona wayoyin jama'a da dama a allo guda, su ne suka fi kowa bukatar irin wannan mita, domin amanar dukiyar mutane ce a hannunsu.

Wani lahanin kuma ido ba ya ganinsa. A shekarar 2015 wani injiniyan kamfanin Google, Benson Leung, ya shiga gwada igiyoyin USB-C da ake sayarwa, ya tarar da yawansu ba a ƙera su bisa ƙa'ida ba. A farkon 2016 wata igiya da aka haɗa wayoyinta a juye ta ƙona masa kwamfuta, kuma a cikin wannan shekara kamfanin Amazon ya hana sayar da irin waɗannan igiyoyi a kasuwarsa. Abin lura shi ne, tun daga 2021 ƙa'idar USB-C ta yarda igiya ta ɗauki har wat 240, kuma duk igiyar da za ta ɗauki fiye da amfiya 3 wajibi ne a sa mata wata 'yar ƙwaƙwalwa a kai mai shaida wa caja iyakar ƙarfinta. Gwargwadon ƙaruwar wuta, gwargwadon ƙaruwar haɗarin mugun haɗi.

ABIN DA YA KAMATA

Wutar da ke bin igiyar caja ba ta da ƙarfin da za ta kama mutum. Haɗarin kamu yana ga kan caja, wanda shi ne yake tsakanin waya da wutar gida mai bolt 230. Saboda haka duk wanda ya ji waya tana ɗan tsikararsa lokacin caji, to ya raba kansa da wannan caja. Har wa yau bai kamata a bar waya tana caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashin kai ba, ko a bar igiya a jone inda yaro zai iya sa ta a baki.

Igiyar da ta tsage, naɗa mata salatif rufe ciwo ne kawai, domin sililin da suka tsinke suna nan a tsinke. Maye gurbinta shi ne magani. Wajen saye kuma a nemi gajeriya mai kauri, gama tsawo yana ƙara turjiya, a gwada ta a gaban mai shago, a karɓi rasit.

Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, watau SON, wadda aka kafa a 1971, ita ce ke da alhakin tsare ƙasa daga jabun kayan lantarki, kuma tun 2005 take da shirin tantance kayan da ake shigowa da su. Amma hukuma ba za ta shiga ɗakin kowa ta taɓa masa igiya ba. Wannan aikin mai waya ne, kuma bai fi na minti biyar ba. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado, kuma wanda ya ƙi sayen igiyar kirki yau, wataƙila gobe waya sukutum zai saya.