Kare a Gidan Bene: Tanbihi Kafin a Saya

Tun da aka yawaita gina manyan benaye a Abuja da Legas da Kaduna, inda iyalai shida ko takwas ke zaune a gini guda, kowa da sashensa amma matakala ɗaya da ƙofar shiga ɗaya, sai wata al'ada ta biyo baya wadda ta cancanci tanbihi, wato sayen karnukan ƙasashen waje a tsare su inda babu tsakar gida balle fili. Kakanninmu sun san kare, amma a bakin garke da dajin farauta suka san shi, inda yake da aikin yi da sararin gudu.

Mas'ala ta farko ita ce ta lalura. Malaman Malikiyya, ko da yake ba su hukunta rayayyen kare da najasa ba, sun karhanta ajiye shi a gida ba bisa buƙata ba, suka yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na tsaron shuka. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya ajiye kare sa'ad da bangon gidansa ya faɗi, da aka tuna masa karhancin Imamu Malik kuwa sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Tsoron ɓarayi uzuri ne ke nan da malamai suka duba. Sai dai mai zama a hawa na uku, bayan ƙofar ƙarfe da maigadi, shi ya san ko tsaro yake nema ko alfahari.

In lalurar ta tabbata, to, a sani kowane jinsin kare akwai aikin da aka raine shi dominsa, kuma ɗabi'ar nan ba ta barinsa don ya hau bene. Ɗan kwikwiyon Kokeshiyan da mai talla zai miƙo maka ta tagar mota, yana lumshe ido kamar curin auduga, idan ya girma yakan haura kilo 45, ga gashi mai kauri wanda ya dace da sanyin duwatsun Kokeshiya inda yake korar kyarkeci daga tumaki. Bowabul na Afirka ta Kudu ya fi shi haƙurin zafi, amma shi ma gadin gona ya gada, kuma ranar da ya fizge a matakala alhali yaran maƙwabta na saukowa makaranta, babu hannun da zai riƙe shi. Haski na Sibariya da kuka yake kwana in aka kulle shi. Hatta Azawak, siririn karen nan na Buzayen Nijar da Mali wanda rana ba ta dame shi ba, zalunci ne a hana shi gudu.

Kada kuma a zaci ƙanƙanta kaɗai ta wadatar. Fag da Buldog na Faransa, waɗanda Turawa ke yabawa don zaman ɗaki, gajeren hanci gare su, kare kuwa ba ya yin gumi ta fata yadda mutum ke yi, da haki yake fitar da zafi. Saboda haka a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, wuta ta ɗauke, tagogi a rufe, irin wannan kare na iya halaka kafin mai shi ya dawo daga aiki. Lasa, ɗan ƙaramin karen Tibet da bai cika wuce kilo 8 ba, ya fi su dacewa, domin asalinsa mai faɗakarwa ne a cikin gida, kuma faɗakarwa ita ce iyakar tsaron da bene ke buƙata. Aibinsa biyu: gashi mai son taza da aski, da haushi ga duk takun da ya ji, wanda in ba a hore shi tun yana ƙarami ba zai hana mara lafiya da mai jego barci a bayan bango. A ganina, ƙaramin kare baligi mai dogon hanci da gajeren gashi, wanda aka riga aka ga halinsa, ko da karen gida ne, ya fi kwikwiyo mai tsada da ba a san uwarsa ba.

Haƙƙin maƙwabci a nan wajibi ne: a nemi izinin mai gida tun kafin saye, a fita da karen safe da yamma a ɗaure, a kwashe kashinsa, a yi masa maganin kaska da ƙuma.

Mafi hatsari shi ne ciwon haukan kare, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kuma da zarar alamunsa sun bayyana da wuya a tsira. A kai kwikwiyo ga likitan dabbobi yana wata 3 a yi masa allurar rigakafi, irin wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos ke sarrafawa, a riƙa sabuntawa kowace shekara, a adana takardar shaida. Idan ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, sa'an nan a tafi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.