Mayar da Sautin Kira na Tsofaffin Wayoyin Hannu Zuwa Fayil Marar Matsi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a bayyana yadda ake ɗauko sautin kira na tsofaffin wayoyin hannu, watau ɗan kiɗan nan da waya kan yi idan an kira mai ita, a mayar da shi fayil wanda ba a matse ba, irin wanda aka sani da suna WAV. Mai yiwuwa wani ya ga abin bai kai a kawo shi gaban taron malamai ba. Amma mu tuna, tun daga 1998 da kamfanin Radiolinja na ƙasar Finlan ya fara sayar da sautin kira ta hanyar saƙon waya, da kuma 2001 da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, jama'a masu ɗimbin yawa sun rayu da waɗannan sautuka dare da rana. Wayoyin da ke ɗauke da su suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu daga cikin manhajojin da ke karanta su kuma an daina yinsu. Abin da ba a adana yanzu ba, masu nazarin gobe ba za su ji shi ba.

2.0 Ire-iren Sautin Kira

Mun kasa sautukan gida uku, domin kowane kashi da irin aikin da yake bukata.

Kashi na farko shi ne mai amo ɗaiɗai, wanda waya ke fitar da amo guda a lokaci guda. Irinsa ne a Nokia 3210 ta 1999 da Nokia 3310 ta 2000, waɗanda mutum kan tsara kiɗansa a cikinsu ta danna lambobi. Akan rubuta shi da tsarin RTTTL na Nokia, ko iMelody da wayoyin Ericsson suka yi amfani da shi.

Kashi na biyu shi ne mai amo da yawa a tare. Tushensa tsarin MIDI ne na 1983, da ƙa'idar General MIDI ta 1991 wadda ta jera kayan kiɗa 128, kowane da lambarsa. Akwai kuma tsarin SMAF na kamfanin Yamaha, wanda sunan fayilolinsa ke ƙarewa da mmf.

Kashi na uku shi ne sautin da aka naɗa, kamar AMR da MP3.

Abin lura a nan shi ne, kashi na farko da na biyu galibi babu sauti a cikinsu. Umarni ne kawai: buga amo kaza, da kayan kiɗa kaza, na tsawon lokaci kaza. Misalinsu kamar rubutun boko ne na Hausa, wanda ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai mai karatu ya cika da bakinsa. Bakano da Basakkwace za su karanta shafi ɗaya, kunne ya ji abu biyu. Haka wayoyi biyu kan buga fayil ɗaya, kowace da muryarta.

3.0 Fayil Marar Matsi

Sauti karkarwar iska ce. Don a adana shi a kwamfuta, sai a riƙa auna ƙarfin karkarwar sau dubbai a cikin daƙiƙa, ana rubuta kowane awo da lamba. Wannan dabara, wadda ake taƙaita sunanta da PCM, wani injiniya ɗan Ingila mai suna Alec Reeves ne ya ƙago ta a 1937. Fayil ɗin WAV, wanda Microsoft da IBM suka fitar a 1991, galibi waɗannan lambobi yake jerawa yadda suke, ba tare da an zubar da ko ɗaya ba.

Ƙa'idar Nyquist da Shannon ta nuna cewa dole yawan awon ya zarce ninki biyu na karkarwa mafi kaifi da ake son kamawa. Kunnen ɗan Adam yana ji har zuwa kimanin karkarwa 20,000 a daƙiƙa, shi ya sa faifan CD yake awo 44,100 a daƙiƙa, kowane awo da bit 16. A bisa wannan lissafi, sautin kira na daƙiƙa 30 a layi ɗaya zai ci bayit 2,646,000, alhali asalinsa na RTTTL bai wuce haruffa 'yan ɗaruruwa ba. Girman fayil shi ne kuɗin da ake biya. Ribar kuwa ita ce, kusan kowace kwamfuta tana buɗe shi, kuma ana iya gyara shi a sake ajiyewa ba tare da asarar da MP3 ke yi ba, domin MP3 yana zubar da wani abu duk lokacin da aka sake matse shi.

4.0 Hanyoyin Mayarwa

4.1 Mai amo ɗaiɗai. Rubutun RTTTL sassa uku ne, ɗigo biyu ke raba su: suna, da ma'auni, da jerin amo. Ga misalin da muka tsara:

gwaji:d=4,o=5,b=120:c,e,g

Harafin b yana nuna bugu 120 a minti, saboda haka kowane bugu rabin daƙiƙa ne, watau awo 22,050. Kaifin amo kuma ana lissafa shi daga a4, mai karkarwa 440 a daƙiƙa. Duk hawa mataki ɗaya sai a ninka da kimanin 1.0595, bayan matakai 12 karkarwar ta ninka biyu. Da wannan kaɗai ɗalibi zai iya rubuta 'yar manhajar da za ta fitar da lambobin ta zuba su a WAV. Sai dai akwai zaɓin da ya rage masa, na siffar karkarwar. In ya zaɓi mai lanƙwasa sumul, zai ji amo mai laushi kamar sarewa. Tsofaffin wayoyi kuwa kunnawa da kashe wuta suke yi wa 'yar ƙararrawarsu, don haka siffa mai kusurwa ta fi kusa da tsinin ƙarar da muka saba ji.

4.2 Mai amo da yawa. A nan sai an sami manhajar da za ta tsaya a matsayin makaɗi, kamar TiMidity++ ko FluidSynth, a ba ta taskar muryoyin kayan kiɗa, ta buga fayil ɗin tana rubuta abin da ta buga a WAV. Idan taskar ta babbar kwamfuta ce, kiɗan zai fito da armashi fiye da yadda waya ta taɓa fitar da shi, amma ba shi ne abin da mutane suka ji ba. Fayilolin SMAF sun fi wuya, domin an tsara su ne don ƙwayoyin lantarki na Yamaha, kamar MA-2 mai amo 16 da MA-3 mai amo 40, kuma sukan zo da bayanin muryoyinsu a ciki. In aka juya su zuwa MIDI tukuna, wannan bayani yakan salwanta.

4.3 Wanda aka naɗa. Wannan shi ne mafi sauƙi, manhaja irin FFmpeg tana warware shi nan take. Amma AMR don maganar waya aka yi shi, awonsa 8,000 ne a daƙiƙa, saboda haka babu karkarwar da ta wuce 4,000 a cikinsa. Ko an zuba shi a fayil mai awo 44,100, abin da aka zubar tun farko ba zai dawo ba. Canza wa tuwo akushi ba ya ƙara masa yawa.

4.4 Naɗa daga wayar kanta. Sautukan da kamfani ya gina a cikin waya sau da yawa ba su fitowa a matsayin fayil. Hanyar da ta rage ita ce a kunna wayar a naɗa, ko da makirufo a ɗaki marar hayaniya, ko ta kafar abin sauraro in wayar tana tura sautin kira can. Makirufo yana kama har da amsawar jikin wayar, wadda ita ma wani ɓangare ce na muryarta, amma yana kwaso ƙarar ɗaki.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, muna ba da shawara guda uku ga duk wanda zai yi wannan aiki don ɗakin adana kayan tarihi ko don nazari. Na farko, a ajiye fayil na asali tare da na WAV, kada a share shi, domin gaba ana iya samun manhajar da ta fi ta yau kwaikwayon wayar. Na biyu, in wayar tana raye, a naɗa daga gare ta tun kafin ta mutu, da awo 48,000 da bit 24 aƙalla, kamar yadda masu adana sauti suka saba. Na uku, a rubuta sunan wayar da ƙirarta, da manhajar da aka yi aiki da ita, da taskar muryoyin da aka zaɓa, da ranar aikin. Idan babu wannan bayani, mai nazarin da zai zo bayanmu ba zai san ko muryar wayar yake ji ko ta kwamfutarmu ba.