Akwatin Ɗauko Keke a Jirgin Sama: Ka Auna Kafin Ka Biya

'Yan kasuwa da dillalai, yau zancenmu a kan keken hawan dutse ne, watau mai kaurin taya da giya da yawa, wanda wasunku ke ɗaukowa a jirgi daga Dubai ko Sin, ko na sayarwa ko na saƙo. Keke ne mai tsada, in ya iso a lanƙwashe riba ta tafi, har uwar kuɗi ta taɓu.

Mazubinsa iri uku ne. Na fari kwali, irin wanda sabon keke ke zuwa ciki. Shi ya fi araha da rashin nauyi, sau da yawa masu kantin keke kyauta suke bayarwa. Amma ba ya jure ruwa, kuma da wuya ya yi tafiya biyu. Na biyu jaka mai soso da ƙananan tayoyin ja. Tana naɗuwa a ajiye, sai dai in an ɗora mata kaya masu nauyi keken ne zai sha. Na uku akwatin roba mai tauri. Shi ya fi tsaro, shi ya fi tsada, shi ya fi nauyi.

To, ga lissafin. Yawancin kamfanonin jirgi kilo 23 suke yarda wa kaya guda a ƙaramin tikiti, kuma ba su karɓar ƙunshin da ya wuce kilo 32. In kekenka kilo 14 ne, akwatin kuwa kilo 12, ka ga 26 ke nan, sai biyan kuɗin ƙari. Da kwali mai kilo 4 kuwa, 18 za ka gani a sikeli. Saboda haka mai tafiya ɗaya ya riƙe kwali, mai zirga-zirga da keke mai daraja ya sayi akwati.

Kada ka saya sai ka duba taya. Kekunan dā inci 26 ne, na yanzu 27.5 ko 29, jikinsu kuma ya fi tsawo. Tsohon akwati ba lalle ya ci sabon keke ba, araha kuwa ba ta ado. Kana ka tambayi kamfaninku tun wajen yankan tikiti, don dokarsu ba ɗaya ba ce.

Wajen ɗauri, a cire tayoyi a rage musu iska, a kwance kan keken a ɗaure shi a jiki. A cire feda, amma a tuna ta hagu a baibai take kwancewa. A cire faifan birki don kada ya karkace, a kwance abin canja giya na baya a naɗe shi da tsumma, shi ya fi saurin karyewa.

Keke mai batir fa a yi hattara. Batirin da ya wuce Wh 160 ba ya shiga jirgin fasinja, na irin kekunan nan kuwa galibi ya wuce haka nesa.

In an sauka, ka buɗe kayanka nan take a filin jirgi. In ka ga ɓarna ka sa a rubuta maka takarda kafin ka fita, domin yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 kacal ta ba mai kaya ya kai kuka a rubuce. Wanda ya yi sakaci, shi da dillalinsa za su yi ta jayayya a kan wa zai ɗauki hasara.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka. Wassalam.