Ya yi rigakafi, kuma ya kamu: to ina amfanin allurar?

Ga rubutaccen shirinmu na yau, domin waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Tun watan Maris na 2021, da allurar korona ta AstraZeneca ta fara isowa Najeriya ta hanyar shirin COVAX, ake ta wannan tambaya a majalisa: wane an yi masa allura, amma ga shi kwance da tari da zazzaɓi, ashe ba aikin banza aka yi ba?

To, mu bi ta a hankali. Kamuwa daban, tsananin ciwo daban.

Allura tana koya wa jiki kamannin ƙwayar cutar ne, kuma darasin yakan ɗauki kamar mako 2 kafin ya zauna. Daga nan jiki zai samar da tsaro iri biyu. Na farko sinadaran garkuwa ne da ke yawo a jini suna tare ƙwayar, kamar masu gadin ƙofa. Matsalarsu ita ce suna raguwa bayan 'yan watanni, kuma allurar dantse ba ta tara su da yawa a hanci da maƙogwaro, inda cutar numfashi ke fara sauka. Ga ƙwayar kuma tana sauya kama. Omicron, da aka gano a Nuwamba 2021, ta zo da sauye-sauye sama da 30 a ƙahon da take maƙale jiki da shi. Shi ya sa ta kama ɗimbin waɗanda suka yi rigakafi.

Na biyun su ne ƙwayoyin garkuwa masu riƙe tarihin cutar, cikinsu har da waɗanda likitoci ke kira T. Su ba sa hana ta shigowa, amma da ta shigo za su gane ta, su kashe sassan da ta kama tun ba ta mamaye huhu ba. Kun ga bambancin ke nan: wani ya yi mura ta kwanaki ya miƙe, wani kuma sai an sa masa iskar oksijin.

Wani zai ce, ai masu rigakafin ma sun cika asibiti. Mu yi lissafi, misali ne kawai. A ce unguwa na da mutum 1,000, an yi wa 900 allura, 100 ba a yi musu ba. Aka kwantar da 9 daga cikin na farko, 5 daga na biyu. A ido, masu allura sun fi yawa a gado. A lissafi kuwa, su 1 cikin 100 ne, waɗancan 1 cikin 20.

Amma fa allura ba laya ba ce. Tsofaffi, masu ciwon suga, ciwon ƙoda ko na zuciya, da masu raunin garkuwar jiki, ciwon na iya yi musu tsanani ko da sun yi. Saboda su ne aka fi nanata allurar ƙari.

Don haka idan mura ta kama ka, ko da ka yi rigakafi, ka ɗan ja baya da kakarka har ka warware. In kuwa numfashi ya fara sarƙewa, ƙirji na ciwo, ko mutum ya fara rikicewa, kada a tsaya a kemis, a wuce asibiti.

Ku ajiye tambayoyinku a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya, sai shiri na gaba.